Yadda Allura Ta Karɓi Aikin Wuƙa a Maganin Ƙarin Ƙashi

A shekarar 1935 wani likita a birnin New York, Henry Jaffe, ya yi bayanin wani ƙari da ke tsirowa cikin ƙashi, ya raɗa masa suna osteoid osteoma. Ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa, kuma ƙwayarsa ba kasafai take wuce santimita ɗaya da rabi ba. Yara da samari ya fi kamawa, galibi a ƙashin cinya ko na ƙwauri. Da dare azabarsa ke tashi, ta hana barci, sai an sha asfirin ta lafa.

Fiye da shekara hamsin, wanda ƙwayoyi suka kasa riƙewa sai tiyata. Wahalar ita ce ƙashin da ke kewaye da ƙarin yakan yi kauri ya binne shi, ko an buɗe wurin likita ba ya ganinsa. Gudun kada a bar shi, sai a sare lafiyayyen ƙashi mai yawa. Yaro ya yi makonni yana dogara sanduna, ƙashin ya yi rauni, wani lokaci ma sai an yi masa dashe. Lallai asara ce mai ciwo a kan abin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

Na'urar hoto ta CT, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙirƙira a Ingila, aka fara ɗaukar majinyaci da ita a 1971, ita ta nuna ainihin inda ƙarin ya ɓuya. Da aka gan shi, sai dabara ta samu. A 1992 Daniel Rosenthal da abokan aikinsa a asibitin Massachusetts General da ke Boston suka wallafa sakamakon majinyata huɗu. Ana duban hoton, a huda ƙashi, a zura siririyar allura har tsakiyar ƙarin, a saki lantarki ya zafafa bakinta zuwa digiri 90 na 'yan mintoci. Yawanci a ranar ake sallamar majinyaci, kuma wajen tara cikin goma sukan rabu da ciwon tun karon farko.

A Faransa, Afshin Gangi na Strasbourg ya yi irin aikin da hasken leza. Daga baya aka zo da daskarar da ƙarin, sannan likitocin Rum suka gwada ƙona shi da igiyar sauti ba tare da huda fata ba.

Ƙashin baya ne ya fi ba likitoci tsoro, domin zafi ba ya bambanta ƙari da laka. A can sukan sa ma'aunin zafi kusa da jijiyar, su ɗura ruwa ko iska tsakani kafin su kunna na'urar.