Yaya, Wa Zai Ci?

Duk wanda ya zauna a Landan cikinku ya san irin tambayoyin da ake mana daga gida. Wani sanyi zai tambaya, wani canjin fam. Autanmu kuwa tambayarsa ɗaya ce: "Yaya, wa zai ci?" A ganinsa, tunda ina garin da ake buga ƙwallon, lallai akwai wani ƙishin-ƙishin da ke zuwa kunnena kafin ya isa Kano. Na sha gaya masa ni nas ce, ko ƙofar Wembley ban taɓa takawa ba, amma ina! To yau na ce bari in ba ku tarihin wannan tambaya, don ashe a unguwar da nake ratsawa kullum aka yi mata wankan jego.

Motar da ke kai ni aiki tana bi ta Aldwych, titin nan mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. A nan Bush House yake, ginin da iyayenmu suka san sunansa tun ba su san fasfo ba. Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga Maris, 1957, kuma shekara da shekaru daga wannan gini muryoyin ke fita, har zuwa 2012 da suka tashi. Yanzu ɗaliban King's College ne ke shige da fice a ciki. Ina yarinya, ran Asabar da yamma Baba kan murɗa rediyonsa zuwa sashen Turanci, a ji ana jero sakamakon wasannin Ingila ɗaya bayan ɗaya. Shi don nishaɗi yake ji. Wani maƙwabcinmu kuwa da biro da doguwar takarda yake zama a gefen tabarma, yana ja yana tsaki. Sai da na girma na gane takardar caca ce.

In kuka bar Bush House kuka miƙe titin Kingsway, tafiyar 'yan mintoci za ku ga Great Queen Street ta hannun hagu. A wani gidan cin abinci da shaye-shaye da ke wannan layi, Freemasons' Tavern, aka kafa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila ranar 26 ga Oktoba, 1863, aka fara tsara dokokin wasan da yau ake bugawa har a lungun Fagge. Ku riƙe sunan layin, za mu dawo.

Da aka raba gasar Ingila rukuni biyu, sai aka rasa yadda za a yi da hawa da sauka. Daga 1893 aka ce na ƙasan rukunin farko su kara da na saman rukuni na biyu, wanda ya yi nasara ya zauna a sama. Wannan shi ne kakan wasan cike gurbi. Bai yi tsawon rai ba. A watan Afrilun 1898 Stoke da Burnley suka haɗu a wasan ƙarshe, kowa ya san in aka tashi canjaras dukkansu sun tsira. Sai suka yi ta gara ƙwallo a tsakiyar fili, babu mai nufar raga, har 'yan kallo suka fusata suka riƙa riƙe ƙwallon in ta faɗo cikinsu. Aka tashi babu ci. A shekarar aka soke tsarin. Kun ga wasan cike gurbin da aka san sakamakonsa tun ba a fara ba, kuma kun ga dalili: haɗa baki aka yi.

Hasashe ya zama sana'a ne a 1923, lokacin da John Moores da abokansa suka fara raba takardun cacar Littlewoods. Mutum ya sa 'yan sulallansa, ya canki yadda wasannin Asabar za su ƙare, daga baya aka fi yayin canko wasanni takwas da za a yi kunnen doki. Abin ya ci Birtaniya, ya bi jirgin ruwa da rediyo ya sauka Najeriya, har ya iso hannun maƙwabcinmu.

Sai hunturun 1963, ƙanƙara ta rufe filaye, aka yi makonni ba wasa, kamfanonin caca suka ga kasuwa na neman mutuwa. Me suka yi? Suka tara tsofaffin 'yan wasa irin su Tom Finney da Tommy Lawton, da tsohon alƙalin wasa Arthur Ellis, suka rufe su a ɗaki, suka ce su yanke yadda wasannin da ba a buga ba za su ƙare da an buga. Da wannan hukunci aka biya masu caca. Ɗakin kuwa yana Connaught Rooms, ginin da aka yi a gurbin Freemasons' Tavern. Wato a inda aka haifi wasan, shekara 100 bayan nan aka zauna aka nuna cewa mai gidan caca ko ba a buga ƙwallo ba zai ci kasuwarsa.

A 1987 aka dawo da wasannin cike gurbi, daga 1990 kuma aka mai da na ƙarshe karawa ɗaya tak a Wembley. An gina shi ne musamman don kada a san maci tuwo sai miya ta ƙare: wahalar wasa 46 a kaka, a dunƙule ta a dare ɗaya. Tun a shekarar farko ya nuna halinsa. Leeds na gaban Charlton da ci ɗaya a ƙarin lokaci, sai wani ɗan baya, Peter Shirtliff, wanda ba a san shi da cin ƙwallo ba, ya zura biyu cikin 'yan mintoci. Aka tashi 2 da 1.

Yanzu ga daren da ya sa nake wannan rubutu. Talata, 4 ga Agusta, 2020, kwana huɗu bayan Babbar Sallah. Brentford da Fulham, maƙwabta a yammacin Landan, tsakanin filayensu bai wuce mil huɗu ko biyar ba, kuma ba sa ga-maciji. Wanda ya ci ya hau Firimiya, da kuɗin da ya haura fam miliyan 100. Wembley wayam, korona ta hana 'yan kallo.

In dai lissafi ne, Brentford ta gama magana. Maki 81 kowannensu ya samu, amma ita ta fi kowa zura ƙwallo a gasar, guda 80. Ta doke Fulham gida da waje a kakar, 1 da nema, sannan 2 da nema. Tana da Watkins da Benrahma da Mbeumo a gaba, alhali Mitrovic, wanda ya fi kowa ci a Fulham, yana fama da rauni, a benci ya fara. Uwa uba mai ƙungiyar, Matthew Benham, ya karanta kimiyyar fiziks a Oxford, kuma da hasashen ƙwallo ya yi arziki. Kamfaninsa Smartodds aikinsa ke nan, auna wasanni da alƙaluma. Da irin wannan lissafi yake sayen 'yan wasa da araha ya sayar da tsada.

Da la'asar Auta ya kira. "Yaya, Brentford ce ko?" Ina haɗa kayan aikin dare, na ce masa haka kowa ke faɗa. Wallahi iyakar abin da na ce ke nan. Ban san kuɗin da na tura masa na gyaran A Daidaita Sahun da yake haya da shi, har da goron Sallarsa, ya riga ya ɗora su a waya ba. Jira yake ya ji daga bakin 'yar Landan ya danna.

Aka yi minti 90 ba ci. A minti na 105 Fulham ta sami bugun tazara daga nesa, can gefen hagu, inda kowa ke jiran a ɗago ƙwallo cikin taro. Golan Brentford, David Raya, ya matso gaba yana jiran hakan. Ashe kocin Fulham, Scott Parker, ya lura da wannan ɗabi'a tasa, ya kira ɗan bayansa Joe Bryan ya ce ya buga kai tsaye. Ƙwallo ta shige ta kusurwar da Raya ya bari. A minti na 117 Bryan ya ƙara. Wadda Dalsgaard ya farke a ƙarshe ba ta hana komai ba. Biyu da ɗaya, ɗan baya, ƙarin lokaci, kamar dai 1987. Karo na tara ke nan Brentford na shiga wasannin cike gurbi tana fitowa hannu rabbana.

Sai ƙarfe biyun dare da na fita hutu na ga saƙonsa, kalma uku: "Yaya, na shiga." Na zauna da kofin shayi ya huce a hannuna. Haushinsa na ji, na kuma ji haushin bakina.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ni ma irin tambayar ake mini a wurin aiki. Dangin majinyaci su tare ni a baranda: "Sista, zai tashi?" Muna da ma'auni, muna auna numfashi da bugun zuciya da hawan jini, mu haɗa maki, kuma ma'aunin gaskiya yake faɗa. In ka kawo majinyata ɗari masu maki iri ɗaya, zai gaya maka kusan nawa za su koma gida. Amma wanda ke kwance a gado na huɗu, shi kaɗai, ma'aunin bai san shi ba. A waccan shekarar na ga tsoho tukuf ya fita da ƙafarsa, na ga matashi majiyi ƙarfi bai fita ba. Shi ya sa ba za ku taɓa jin nas ta ƙwarai ta ce "tabbas" ba.

Haka lissafin Benham yake, bai yi ƙarya ba. Shekara na zagayowa, ranar 29 ga Mayu, 2021, Brentford ta doke Swansea 2 da nema a Wembley, ta hau babban rukuni karon farko tun 1947, ita kuwa Fulham ta faɗo. Mai alƙaluma yana da wasa ɗari a gabansa, in ya faɗi yau ya tashi gobe. Kamfanin caca yana da mutum dubu dubai, kuma ya cire ribarsa tun kafin a busa usur. Ɗanku ko ƙanenku da ke riƙe da waya a gidan kallo dare ɗaya gare shi, da kuɗin gyaran abin sana'arsa. Malamai sun faɗi hukuncin caca, ba sai na maimaita ba. Ni nawa shi ne in ce mana mu da ke waje: kalmarmu tana da nauyin da ba mu sani ba. "Haka ake cewa a nan" in ta isa gida, ta zama fatawa.

Ranar wasan Swansea ɗin Auta ya sake kira, ya yi 'yar dariya, ya ce, "Yaya, wa zai ci?" Na ce masa ban sani ba, mai ƙungiyar ma bai sani ba. Na tambaye shi nawa ne kuɗin shiga gidan kallo, na tura masa daidai su, da na lemo ɗaya. Ragowar kuɗin watan kuwa hannun Hajiya na aika.