Kewar Iyaye Bayan Tashin 'Ya'ya: Yadda Aka Magance Ta Jiya da Yadda Ake Yi Yau

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu shi ne wata ziyara da na kai wani ƙauye a gabashin Kano domin tattara tarihin baka. Dattijon da na je wurinsa ya haura shekara 80, gidansa kuma sassa 5 ne, amma sashe ɗaya kaɗai ake hura wuta a cikinsa. Bayan mun gama maganar sarautun garin, sai na ce, "Baba, ina mutanen gidan?" Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Malam, duk suna lafiya, kuma suna aiko da saƙo." Daga nan ya ƙirga mini su: biyu a Legas, ɗaya a Abuja, ɗaya a Fatakwal, matan kuma suna ɗakunan mazajensu. Bai yi kukan komai ba. Sai da zan tafi uwargidansa ta faɗa mini daga bayan labule cewa ya fi shekara bai yi barcin kirki ba, kuma an sha kai shi asibiti ana cewa ba a ga komai ba.

Turawa suna kiran wannan hali da sunan da ma'anarsa ita ce sheƙar da 'ya'yan tsuntsu suka tashi suka bari. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun yi rubutu a kansa a shekarun 1960, musamman game da iyaye mata. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ba kowa abin yake kayarwa ba, wasu ma hutu suke samu. To amma a ƙasar da gida yake nufin miji da mata da 'ya'ya 2 ko 3 aka yi wannan bayani. A ƙasar Hausa tambayar da ta dace ita ce, yaya aka yi gida ya fara zama kango da ran mai shi, alhali kakanninmu sun tsara shi yadda ba zai zama haka ba?

Tsari na farko shi ne gandu. Ɗa ko ya yi aure ba ya barin gidan ubansa. Ana yanka masa sashe, ya ci gaba da noma gonar gandu tare da 'yan uwansa, a kuma ba shi gayauna wadda zai riƙa nomawa da yamma domin buƙatun kansa. Shi kuwa uba, shi ke ciyarwa daga rumbu, ya yi wa ɗa auren fari, ya biya masa haraji. M. G. Smith ya bayyana wannan tsari a littafinsa na 1955 kan tattalin arzikin ƙasar Zazzau, haka kuma Polly Hill ta yi nazarinsa a Batagarawa ta ƙasar Katsina, a littafin da ya fito a 1972. Wani abin lura a aikinta shi ne, gandun mai wadatar gona ya fi riƙe 'ya'ya, 'ya'yan matalauta kuwa su suka fi saurin ficewa. Ke nan ko a da, kaɗaicin tsufa ya fi kusa da talaka.

Na biyu, kuma a ganina shi ne mafi hikima, shi ne riƙo. Da zarar an yaye yaro, musamman ɗan fari, sai a kai shi wurin kaka ko gwaggo. Bahaushe yana cewa alkunya ce ta sa haka, domin uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta kuma nuna masa so a gaban jama'a. Amma idan mai karatu ya duba da kyau zai ga amfanin al'adar ga tsohuwa ya koma. Ranar da aka kai autarta ɗakin miji, akwai wata yarinyar da ke kwana a bayanta, ta ɗebo mata ruwa, ta kai mata tallan ƙuli-ƙuli ko daddawa, su yi wasan jika da kaka har da kiran juna kishiya. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ba ta tsufa ita kaɗai ba, saboda dangi sun ba ta riƙo. Tafiye-tafiye kuwa ba baƙon abu ba ne: fatake sun yi Gwanja neman goro, 'yan ci-rani da almajirai suna fita bayan kaka. Sai dai yawancinsu da ruwan farko suke dawowa.

Ƙarni na 20 ne ya sauya lissafin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta kawo kuɗi hannun matasa, ɗa ya gane zai iya yin aure ba da rumbun ubansa ba. Fari na 1973 ya kori mutane da yawa daga karkara, a daidai lokacin da kuɗin man fetur yake buɗe ayyuka a birane. A shekarar ce kuma aka kafa shirin bautar ƙasa, sannan a 1976 aka fara ilimin firamare kyauta ga kowa. A 1979 gwamnatocin jam'iyyar PRP a Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali. Alheri ne babba ga talaka, amma a nawa fahimtar wata igiya ce da ta ɗaure ɗa da gandu ta ƙara tsinkewa. Mu malaman makaranta muna da hannu a ciki, kuma ba na nadama. Mu muka koya wa yaran abin da ya kai su nesa. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, makarantar da ta ɗauke ɗa ita ce daga baya ta hana a ba kaka riƙon jika, domin iyayen suna so ya yi karatu a birni kusa da su.

A ɓangaren asibiti, abin da Turawan mulki suka kawo ba magani ba ne, tsarewa ce. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta fi damuwa da wanda ke barazana ga jama'a. Wannan tarihi ne ya sa har yau dattijo yake jin an zage shi idan aka ambaci Dawanau ko Kware ko Barnawa. Wanda ya fara karya wannan tunani shi ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara sauke marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, kowanne tare da ɗan uwansa, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Ita kuwa tsohuwar dokar, sai a watan Janairun 2023 aka sa hannu kan wadda ta maye gurbinta. Cewa matsalar tsofaffi ba ƙarama ba ce, binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a ƙasar Yarbawa, wanda aka buga a 2007, ya nuna kusan mutum 1 cikin 4 na masu shekara 65 zuwa sama sun taɓa fama da ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsu.

Maganin da masana halayyar ɗan Adam suke amfani da shi a irin wannan hali magana ce. Hanyar da Aaron Beck ya gina a shekarun 1960 tana sa mutum ya fito da tunanin da ke cin sa, alal misali "ba ni da sauran amfani", a auna shi da abin da ke zahiri, sannan a tsara masa ƙananan ayyukan da zai koma yi kullum. Ba kowace kewa ce ciwo ba. Ana zargin ciwo ne idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka wuce mako 2, barci da cin abinci suka lalace. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya koya wa kakanni mata wannan hanya a sauƙaƙe, suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraron mutane har zama 6, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya tabbatar da amfaninsa. Sunan ciwon a harshen Shona ma'anarsa yawan tunani, daidai da yadda tsofaffinmu suke faɗa.

Wahalar da ke gabanmu ita ce alkunya. Uban da bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba, da wane baki zai gaya wa yaro likita cewa kewarsa ce ta hana shi barci? Zai ce jikinsa ke ciwo, ko ƙirjinsa ya yi nauyi. Wani kuma yana tsoron a ce tawakkalinsa ya yi rauni, alhali Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har ganinsa ya tafi, ba a kuma zarge shi ba. Don haka nake ganin limami da ungozoma da ma'aikacin lafiya na ƙauye su suka fi cancanta a fara koya wa wannan sauraro, tunda su ake buɗe wa ciki.

Na koma ƙauyen bayan shekara 2. Ɗan da ke Abuja ya aiko da yaronsa mai shekara 7, an sa shi a firamaren garin, abin da uwar yaron ba ta so ba, kuma har lokacin ana ta ja-in-ja a kai. Na tarar da dattijon a zaure yana biya wa jikan allo. Na tambaye shi barci, ya ce wannan maƙiyin nasa da asuba yake tashe shi. Sassa 3 har yanzu a rufe suke, ɗaya ma damina ta kayar da katangarsa.