Ma'adi: Tarihin Unguwa Mai Kama da Ƙauye a Gaɓar Kogin Nilu

Gabatarwa

Duk wanda ya san birnin Alƙahira ya san shi da cunkoso da ƙura da ƙarar motoci. Amma kimanin kilomita 12 kudu da tsakiyar birnin, a gaɓar gabas ta Kogin Nilu, akwai wata unguwa da ake kira Ma'adi, inda rassan itatuwa suke haɗewa bisa tituna, har baƙo ya ɗauka wani ƙauye ya shiga. A wannan maƙala za mu bi diddigin wannan unguwa, domin mu nuna cewa lumfashin ƙauye da ake ji a cikinta tsara shi aka yi, doka ce kuma ta tsare shi, kuma duk lokacin da dokar ta yi sanyi sai inuwar ta ragu.

Asalin Wurin

Kalmar Ma'adi Larabci ce, ma'anarta jiragen fito, domin a nan ne matafiya kan haye kogin tun zamanin da. Zaman mutane a wurin ya girmi Fir'aunonin Masar. Haƙe-haƙen da masana suka fara a 1930 sun tono kufan wata al'umma da ta rayu fiye da shekara 5,000 da suka wuce, wadda ta san amfani da tagulla, take kuma cinikayya da ƙasar Falasɗinu. Haka nan a bakin ruwan akwai wata tsohuwar majami'ar Kibɗawa, inda suka yi imani cewa daga nan ne Nana Maryamu da ɗanta suka shiga jirgi zuwa kudancin ƙasar.

Kafa Unguwar

Ma'adin da muka sani a yau kuwa 'yar zamanin mulkin Turawan Ingila ce, waɗanda suka mamaye Masar a 1882. Hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa Alƙahira da Hilwan ta ratsa ta wurin, wannan kuwa ya sa filayensa suka yi daraja. A 1904 aka kafa kamfanin Delta Land, ya sayi filayen, aka kuma ɗora wa wani tsohon hafsan soja ɗan Kanada, Kyaftin Alexander Adams, aikin zana unguwar. Ya fitar da tituna masu faɗi da shataletale, aka jawo ruwan kogi, aka dasa itatuwa a jere.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne sharuɗɗan da kamfanin ya gindaya wa mai sayen fili. An ƙayyade girman gida, da kason filin da tilas a bar wa lambu, har da launin da za a shafa wa tagogi. Wanda ya yi sakaci da lambunsa akan ci shi tara, kuma ba a yarda da ƙarar rediyo bayan ƙarfe goma na dare ba. Ashe ke nan shirun nan da baƙo yake yabawa a rubuce yake cikin takardar ciniki.

To, amma su wa suka ci moriyar wannan ni'ima? Akasarinsu Turawa ne da attajiran Yahudawa da manyan ma'aikatan Masar. Masu ban ruwa da kuku da masu gadi kuwa, cikinsu har da Nubawa da yawa, sukan kwana a 'yan ɗakunan bayan gida ko a ƙauyukan gefe. A wurinsu Ma'adi inuwar giginya ce, na nesa ka sha ta. Wanda ya san tarihin Ikoyi a Legas, ko unguwannin Turawa na Kaduna da Ibadan, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Yaƙi da Juyin Mulki

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, sojojin Niyu Zilan sun kafa babban sansani a hamadar da ke bayan unguwar, dubban su kuma suka bi ta nan. Har yau gasar tseren kwalekwale ta makarantun ƙasarsu tana ɗauke da sunan Ma'adi. Bayan juyin mulkin 1952 da rikicin Suwez na 1956, Turawan Ingila da na Faransa da Yahudawa da dama suka bar ƙasar, daga baya kamfanin ya koma hannun gwamnati. Gidajen suka sami sababbin masu su, 'yan ƙasa da jami'an jakadanci.

Wannan sauyi ya buɗe ƙofar da a da take rufe, sai dai tsoffin sharuɗɗan sun yi rauni. Yawan jama'a ya hauhawa, farashin fili ya tashi, aka riƙa rushe gida mai lambu ana gina bene mai hawa da yawa. Dogayen gine-gine suka jeru a bakin kogi, suka shiga tsakanin tsohuwar unguwa da ruwanta. A 1987 tsohon layin Hilwan ya zama ɓangaren jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira, birni ya ƙara matsowa. Duk da haka tsakiyar unguwar tana nan da sauran itatuwanta, mazauna kuma sukan ɗaga murya idan aka taso sare su.

Kammalawa

Tarihin Ma'adi ya nuna mana cewa itacen da ke ba unguwa kamannin ƙauye yana buƙatar shekaru kafin ya yi inuwa, amma yini ɗaya ya isa a kayar da shi. Ya kuma nuna cewa dokar da ta raya lambunan ita ce ta tsare talaka a waje. Aikin da ya rage wa masu tsara birane, a Masar da sauran ƙasashen Afirka, shi ne su riƙe dokar da ke kare itace da bakin ruwa, su kuma faɗaɗa ta har ta game unguwannin masu ƙaramin ƙarfi, domin zafin rana bai san mai kuɗi da talaka ba.