Jirgin Ƙasa na Darjilin: Daga Dakon Shayi zuwa Yawon Buɗe Ido

Garin Darjilin yana kan duwatsun Himalaya, a arewacin jihar Bengal ta Yamma ta ƙasar Indiya. Turawan Ingila sun mai da shi wurin shan iska, inda gwamnatin Bengal kan ƙaura in zafi ya tsananta a Kalkata, sa'an nan suka cika gangarensa da gonakin shayi. To, amma hawa dutsen da keken shanu ya kasance jan aiki. Wannan ne ya sa Franklin Prestage, wani jami'in reluwe, ya kawo shawarar shimfiɗa dogo daga Siliguri. Aka fara aiki a 1879, jirgi ya isa Darjilin a 1881.

Faɗin dogon ƙafa 2 ne kacal, tsawonsa kuwa a yau kimanin kilomita 88. Maimakon fasa dutse, sai injiniyoyi suka bi hanyar keken shanun. Inda hawa ya yi tsauri, ko dai dogon ya yi da'ira ya haye kansa, kamar ta Batasiya da aka gina a 1919, ko kuwa jirgi ya ja da baya ya sake yin gaba, yana hawa kaɗan kaɗan, har ya kai tashar Ghum mai tudun mita 2,258.

Abin da baƙi suka fi zuwa gani shi ne kawunan jirgi masu aiki da kwal, waɗanda ake kira rukunin B. An ƙera 34 tsakanin 1889 da 1925, akasari a birnin Gilasgo, kuma har yanzu waɗansunsu suna jan taragun masu yawon buɗe ido tsakanin Darjilin da Ghum. Ma'aikata kan zauna a goshin injin suna barbaɗa yashi a kan dogo don kada ƙafafu su zame in an yi ruwa.

Motoci sun daɗe da ƙwace masa dako, domin sun fi shi sauri nesa ba kusa ba. Irin wannan rashin ciniki ne ya kashe ɗan'uwansa na Arewa, watau ƙaramin dogon da ya haɗa Zariya da Bukuru a 1914 saboda kuza: da babban layi ya isa Jos ta Kafancan a 1927, sai ya yi ta ja da baya har aka rufe shi a 1957. Shi kuwa na Darjilin ya tsira ne don ya sami sabuwar sana'a, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1999.

Sai dai wannan shaida ba ta gyara tukunyar tururi. Kamfanonin da suka ƙera injunan sun shuɗe, saboda haka rayuwarsu ta rataya ne a kan makanikan ma'aikatar Tindhariya, da kuma ko za a sami matasan da za su gaji aikinsu. Ga kuma zaftarewar ƙasa da damina, wadda a 2010 ta yanke layin, ya ɗauki shekaru kafin jirgi ya sake bin sa daga farko har ƙarshe.