Zumunci a Daminar Korona

A zamanin kakata, direban mota ke kawo wasiƙa, malamin makaranta ya karanta wa mutanen gida. Daga baya aka koma aika kaset da gaisuwar zaɓi-sonka a Rediyon Kaduna, kafin wayar salula ta iso Najeriya a 2001.

A 2020 aka rufe Kano tun watan Afrilu, iyakar Nijar ma a garƙame, sai zumuncinmu ya koma WhatsApp. Ranar Babbar Sallah, 31 ga Yuli, na kara wa kakata waya a kunne. Saƙon muryar ƙanwarta ne daga Maraɗi, tana lissafa mata haihuwa da rasuwa da yadda gero ya yi kai. Ta riƙe hannuna, idonta ya ciko: "Sake kunna min, ɗan nan."

Zumunta a ƙafa take, amma a waccan damina murya ce ta yi tattakin.