Sauya Kanel a Matsayin Maganin Ɗaukewar Sauti a Linux: Nazari daga Yola da Jimeta

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda sauya kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ke maido da sauti a Linux. Matsayarta ita ce maganin yana aiki, amma ba kowace cuta yake warkarwa ba.

Gabatarwa

Ɗalibi a Jami'ar Modibbo Adama ko Jami'ar Amurka ta Nijeriya yakan sayi laftof a kasuwar Jimeta, ya ɗora mata Ubuntu, wani nau'in Linux, saboda darasi. Komai ya tashi lafiya sai sifika: shiru kake ji, a saitin sauti kuma an rubuta "Dummy Output". Idan ya kai wa mai gyara, shawarar farko ita ce a mayar da Windows. A ganina wannan gaggawa ce.

Tushen matsalar

Direbobin sauti a Linux suna cikin kanel ne, ƙarƙashin tsarin ALSA da Jaroslav Kysela ya fara a 1998, wanda ya maye gurbin tsohon tsarin OSS a kanel 2.6 na 2003. Manhajojin sauti PulseAudio da PipeWire a saman ALSA suke zaune. Katin sautin da ALSA bai gani ba, su ma ba za su gani ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Guntun sauti na Realtek iri ɗaya kan fito a HP da Dell da Lenovo, amma kowane kamfani da yadda yake haɗa wayoyinsa zuwa sifika da ramin iyafis. Shi ya sa kanel ke ɗauke da dogon jerin gyare-gyare, kowace samfurin kwamfuta da nata. Idan kwamfuta ta fito bayan kanel ɗin, ba ta cikin jerin. Sababbin injinan Intel kuma suna buƙatar Sound Open Firmware, wanda direbansa ya shiga kanel 5.2 a 2019. Ubuntu 20.04 ya zo da 5.4, 22.04 da 5.15, 24.04 da 6.8, don haka tsohon faifan da ɗalibai ke ara wa juna kan zama sanadin shirun. Wani lokacin ma sabon kanel ne ke ɓata abin da yake aiki jiya, sai a koma tsohon ta jerin GRUB, manhajar da ke tayar da kwamfuta.

Yanayin Yola

Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai na hannu ne, tsofaffin da kanel ya daɗe da sani, don haka ba lallai ne shirun ya zama laifin kanel ba. Ƙurar hunturu takan cika ramin iyafis har kwamfuta ta ɗauka an sa wani abu, ta kashe sifika. Wannan aikin burushi ne. Ga tsadar data, ga ɗaukewar wuta da ke iya yanke girkawa a tsakiya idan batir ya mutu.

Kammalawa

Kafin a taɓa kanel, a tayar da kwamfutar daga filashi mai sabon Ubuntu, a duba umarnin aplay -l da ke nuna katunan sauti. Idan sauti ya fito a can, laifin kanel ko manhajar da ke tare da shi ne, a sauya. Muna roƙon malaman sassan kwamfuta a Yola su koya wa ɗalibai wannan gwaji, kuma duk mai sauyawa ya bar tsohon kanel a GRUB har sai ya ji sauti da kunnensa.