Zama a Tailan: abin da baƙo ya kamata ya sani kafin ya ɗaure kaya

Mafi yawan ƴan Nijar sun san Tailan ne ta buhun shinkafa. Amma akwai ƴan kasuwar Afirka ta Yamma da suka daɗe suna sarin tufafi a kasuwar Pratunam ta Bankok, wasu kuma suna kai duwatsu masu daraja garin Chanthaburi. Akwai ɗalibai, akwai masu zuwa neman magani. Duk wanda zai zauna cikin mutanen ƙasar, abu biyu ne ke tsare shi: takardu a kan ƙa'ida da sanyin hali.

Ƙasar a taƙaice

Tailan tana kudu maso gabashin Asiya, mutanenta sun haura miliyan 65. Fiye da kashi 90 cikin 100 mabiya addinin Buda ne, Musulmi kuma wajen kashi 5. Kuɗinta shi ne bat, kuma bat ɗaya yana kai wajen sefa 17, gwargwadon canjin ranar. Agogonsu yana gaban na Nijar da awa 6. A hannun hagu ake tuƙi. Lissafin shekararsu ya ɗara na Miladiyya da 543, wato 2025 ita ce 2568, kuma haka za ka gani a takardun hukuma da kwalayen magani. Zafi yana tsananta daga Maris zuwa Mayu, damina ta kai Oktoba, sannan a ɗan sarara daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Zafin mai gumi ne, ba busasshe irin na Tawa ba.

Takardu

Ɗan Nijar yana buƙatar biza kafin ya tashi. Tailan ba ta da ofishin jakadanci a Yamai; mafi kusa suna Abuja da Dakar, kuma daga 2025 ta intanet ake neman bizar. Sai an nuna karnen rigakafin shawara. Tun 1 ga Mayu 2025 kowane baƙo yana cika katin shiga mai suna TDAC ta intanet, cikin kwana 3 kafin isowa.

Da an buga maka hatimi a filin jirgin Suvarnabhumi, duba ranar da aka rubuta. Wuce ta da kwana ɗaya tarar bat 500 ce, kusan jika 8 da rabi, kuma tana taruwa har bat 20,000. Wanda ya wuce kwana 90 ya kai kansa, ana hana shi shiga ƙasar shekara 1. Wanda aka kama kuwa, ko da kwanakin kaɗan ne, ana iya tsare shi, a kore shi, a hana shi dawowa shekara 5.

Mai dogon zama sai ya sanar da ofishin shige da fice adireshinsa duk kwana 90. Jinkiri tarar bat 2,000 ne. Mai gida ko otel kuma wajibi ne ya ba da rahoton saukarka cikin awa 24, da takardar da ake kira TM30. Ka tambayi mai gidan ko ya yi, domin in bai yi ba kai ne za ka sha wuya ranar sabunta biza. Ƴan sanda suna yawan binciken takardun ƴan Afirka, musamman a unguwar Nana, saboda haka kada fasfo ya yi nisa da kai.

Aiki da dukiya

Bizar yawon buɗe ido ba ta ba da izinin aiki. Wanda aka kama yana aiki babu lasisi yana biyan tarar bat 5,000 zuwa 50,000, sannan a kore shi. Wasu sana'o'in ma an keɓe su ga ƴan ƙasa, kamar aski, talla a titi da yi wa masu yawon buɗe ido jagora. Baƙo ba ya mallakar fili da sunansa. Yana dai iya sayen ɗaki a dogon bene, muddin rabon baƙi bai wuce kashi 49 cikin 100 na ginin ba.

A yi hattara da tallar aiki mai albashi mai tsoka da ke yawo a Facebook da WhatsApp. An yaudari ƴan Afirka da yawa da sunan aikin kwamfuta a Bankok, aka wuce da su garin Mae Sot, aka tsallakar da su Myanmar, inda aka tilasta musu damfarar mutane ta intanet. A farkon 2025 an fito da dubban baƙi daga irin waɗannan sansanoni. Wanda ya ce ka shigo da bizar yawo zai gyara takardunka daga baya, ka guje shi.

Dokokin da ba a wasa da su

Sashe na 112 na dokar hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki, sarauniya ko magajin sarauta, kuma baƙo bai tsira ba. Rubutu a intanet ma yana ciki. Hoton sarki yana jikin kuɗi, don haka ko sulalla ta faɗi tana gangarawa, ba a taka ta da ƙafa. Ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma ana sa taken ƙasa a tashoshi da wuraren taruwa, mutane su tsaya cik. Kai ma ka tsaya. Safarar ƙwaya tana iya kai mutum ga hukuncin kisa, saboda haka kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ba. Sigarin lantarki ma haramun ne.

Zama da mutane

Bahaushe ba zai sha wuyar gane halin mutanen Tailan ba, domin abin da suke kira kreng jai ɗan'uwan kara da kawaici ne: kada ka takura wa wani, kada ka ba shi kunya a gaban jama'a. Suna yaba mai jai yen, wato mai sanyin zuciya. Ɗaga murya a kasuwa ko a ofis ba ya buɗe ƙofa. Mai kanti zai yi murmushi kawai ya daina cinikin. Murmushin nan ba kullum yake nufin yarda ba, wani lokacin hanyar cewa a'a ce cikin ladabi.

Gaisuwarsu ita ce wai: a haɗa tafin hannu a gaban ƙirji a ɗan sunkuyar da kai, kuma ƙarami ne ke farawa. Musulmin ƙasar suna yi wa juna sallama. Kai abin girmamawa ne, ba a shafa kan mutum. Ƙafa kuma abin ƙasƙanci ce, ba a nuna mutum ko gunkin Buda da ita. Ana cire takalmi a ƙofar gida da wurin ibada. Mace ba ta taɓa malamin Buda, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu.

Ana kiran mutum da khun a gaban sunansa. Wanda ya girme ka phi ne, wanda ka girma nong, kamar yaya da ƙane. Namiji yana rufe magana da khrap, mace da kha. Sawatdi gaisuwa ce, khop khun godiya. Harshen yana da karin sauti 5. Mai jin Hausa, wanda kunnensa ya saba da hawa da saukar murya, yana da sauƙin kamawa.

Abinci, salla da lafiya

Naman alade yana shiga abincin titi da yawa, har cikin romo da mai. Ka riƙe mai kin mu, wato ba na cin alade, da mai phet, wato kada a sa yaji. Kayan halal suna ɗauke da tambarin Majalisar Musulunci ta ƙasa. Masallatai sun haura 3,000. A Bankok akwai masallacin Haroon a Bang Rak, kuma layin Sukhumvit 3 cike yake da gidajen abincin Larabawa. Juma'a ranar aiki ce. Lardunan Pattani, Yala da Narathiwat na Musulmi ne, amma suna fama da tashin hankali tun 2004.

A sha ruwan kwalba. Sauron can yana kawo zazzaɓin dengi, kuma da rana yake cizo. Asibitocin kuɗi suna da kyau amma da tsada, don haka inshorar lafiya ta zama dole. Hatsarin babur yana kashe mutane da yawa. In za ka hau kabu-kabu masu rigar ruwan lemo, ka sa hular kwano. A tasi ka ce a kunna mita. Lambobin gaggawa: ƴan sanda 191, ƴan sandan baƙi 1155, motar asibiti 1669.

Dokokin biza suna yawan canzawa. Kafin ka sayi tikiti, ka tabbatar da su daga ofishin jakadancin da kansa, ba daga bakin dillali ba.